Wa'adin Kwana Goma Sha Biyar

Masu ce min na cika zurfin ciki, to yau ku gyara zama, zan amayar da abin da ya tokare min maƙoshi. Wadda yau ta fara shigowa shafin nan ba ta san ni ba, sunana Noemi Barajas, shekarata ashirin da ɗaya, ina zaune da iyayena a gabashin Houston, kuma shekara ɗaya tak ta rage min in gama digirin injiniyan hanyoyi da magudanan ruwa. Ina 'yar shekara biyar aka tsallako da ni kogin kan iyaka a ɓoye a kan wuyan Apa, mahaifina. Abin da na iya tunawa shi ne sanyin ruwa da takalmina ɗaya da ya tafi. Tun ranar ba ni da takardar zama a ƙasar nan, kuma shirin rangwamen da aka taɓa yi wa yara irina, na makara masa da shekara biyu.

Abin da ya shigar da ni jami'a wata doka ce ta jiharmu. In ka yi sakandare a nan, ka sa hannu a takardar rantsuwa cewa za ka nemi izinin zama duk ranar da hanya ta samu, to kuɗin 'yan jiha za ka biya, ba na baƙi ba. Sama da shekara ashirin ana haka. Da wannan, da tamale, wato kwaɓin masara da ake naɗewa a ɓawo a turara, wanda Ama mahaifiyata ke sayarwa Asabar da Lahadi, da rufin gidajen da Apa ke hawa cikin rana, na ci shekara uku ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Wata Laraba a farkon Yuni ina kicin ina jiƙa wa Ama ɓawon masara, wayata ta hau rawa a kan firji kamar za ta faɗo. Zauren hirar ɗalibai irina ne, mu kusan sittin.

"Kun gani? Gwamnatin tarayya ta kai dokarmu kotu."

"Ku kwantar da hankali, shari'a shekaru take ɗauka."

Ko awa shida ba a yi ba wani saƙon ya shigo: "Jiha ta ce ba za ta kare dokar ba. Alƙali ya sa hannu. An gama."

Na karanta sau uku. Shari'ar da aka shigar da rana aka yanke kafin magariba, babu wanda ya kira ɗalibi ko ɗaya ya ji ta bakinsa. Daga baya wasu daga cikinmu sun nemi lauyoyi su roƙi kotu ta saurare mu, amma wasiƙar jami'a ba ta jira su ba: duk wanda bai kawo shaidar izinin zama ba kafin zangon Agusta, kuɗin baƙi zai biya, kusan ninki uku.

Ama ta share hannunta a jikin atamfar girkinta ta ce, "Me ya faru fuskarki ta yi haka, miha, 'yata?"

Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta je ta kunna kyandir gaban hoton Budurwa Maryamu da ke kan talabijin, ta dawo ta ci gaba da kwaɓin masara. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wai Efrain a wane asibiti aka haife shi ma?"

Jama'a, ku ji min tambaya.

Efrain Lozoya saurayina ne, shekararmu biyu. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, a cocinmu muka haɗu ranar da ya zo gyara, ya sauko daga rufi jiƙe da gumi ya roƙe ni ruwa, ya sha kofi uku, daga baya ya ce na ukun don ya ƙara kallona ne. A nan Houston aka haife shi, ɗan ƙasa ne cikakke. Shekara biyun nan kuwa Ama ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Mai tsanin nan," haka take ce masa, saboda tsanin da ke ɗaure kullum a bayan motarsa. "Mai tsanin nan yana waje." "Ki ce wa mai tsanin nan 'yata injiniya ce, ya nemi daidai da shi." Sau biyu yana min maganar aure ina ce masa sai na riƙe digirina a hannu, shi kuma ya ce to, ba ya sauri.

Lahadin da ta biyo bayan hukuncin, da ya zo ɗaukata, Ama da kanta ta leƙa ƙofa.

"Efrainito! Haba, kai kullum a mota kamar baƙo? Shigo ka ci abinci."

Ya waiwaya baya ya ga ko akwai wani Efrain ɗin. Na rantse sai da na shige banɗaki na toshe bakina da tawul. Dariya nake, amma kunya ce ta fi yawa, don na ga tsokar da ta zuba masa, irin wadda Apa kaɗai ake ba.

Wadda ta fasa ƙwan ita ce Tiya Lucha, ƙanwar Apa. Tana da shagon gyaran gashi, tana da takarda tun tuni ta hanyar mijinta, kuma ba ta shiga gida sai ƙarar awarwaronta ta riga ta. Ta zo da jan baki raɗau da farcen roba masu ƙyalli, ta zauna a kujerar da Ama ba ta taɓa cire wa ledar kanti ba, ta ce, "Ke Noemi, zo nan. Kina son yaron nan ko ba kya so?"

"Ina son sa, Tiya."

"Shi fa?"

"Yana so na."

"To me ake jira, saukowar mala'iku? Wasu kuɗi suke biya a aure su, a zauna da ƙaton da ko sunan uwarsa ba a sani ba. Ke Allah ya kawo miki naki har ƙofa da tsaninsa. Ki yi aure, ya cike miki takarda, ki koma makarantarki a kuɗin 'yan jiha."

Na ce, "Ba na son ya zauna yana tunanin don takarda na aure shi."

"Tunani! Tunani ake ci? Ki tambayi uwarki tamale guda nawa za ta naɗe kafin ta biya kuɗin baƙi."

Na dubi hannun Ama, duk ƙunar tururi.

Da yamma saƙon Efrain ya shigo.

"Na san abin da ake ƙullawa a gidanku. Tsokar nan ba ta banza ba ce."

"Ka yi haƙuri. Kunya kamar ƙasa ta tsage."

"Ni dai na ci riba. Noe, tun kafin alƙali na tambaye ki, har sau biyu. In turo iyayena?"

Na daɗe ina kallon wayar. Ina son sa, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Abin da ke cina shi ne ban san wace ce a cikina za ta amsa ba, mai son sa ko mai son gama karatu. Na rubuta, "Turo."

Mutanenmu na Matewala, garinmu na asali, ba sa wasa da neman aure, ko a wace ƙasa suke. Iyayen saurayi za su zo da kwando, uban ya yi jawabi, uban yarinya kuma ba ya amsawa a ranar ko da ya matsu, don kada a ce neman kai yake da 'yarsa. Wa'adi zai ɗiba, su koma su dawo.

Lahadi da la'asar suka zo. Na sa doguwar riga shuɗiya mai ƙaramin hannu da Ama ta rage min tsawonta, Tiya Lucha ta naɗe min gashi ta soka fararen furanni biyu, na sa 'yan kunnen zinaren kakata. Apa ya sa farar rigarsa ta zuwa coci da bel mai babban ƙarfe, ya goge takalminsa har yana ɗaukar ido. Kwandon nasu cike da burodi mai zaƙi da 'ya'yan itace da kwalbar giya ɗaya ta maza. Efrain cikin kwat a zafin Yuni, shi da ke gyara wa duniya sanyi, gumi har cikin kunnensa.

Don Rufino, mahaifinsa, ya miƙe da hularsa a ƙirji, ya fuskanci Apa ya ce, "Don Ilario, mun zo da kunya da girmamawa. Ɗana ya ga fure a lambunka, mun zo roƙo."

Apa ya bar shi a tsaye ɗan lokaci, kamar yadda aka yi masa shi ma a zamaninsa, sannan ya ce, "Kun girmama gidana. Ku ba ni kwana goma sha biyar, in yi shawara da uwarta."

Aka zuba kofi mai kirfa. Donya Elvira, mahaifiyar Efrain, siririyar mace mai gilashi da jakar da ba ta sauka daga cinyarta, ta kurɓa ta dube ni ta saman kofin.

"Abin ya zo da sauri, ko 'yata? Bara ya ce min sai kin gama karatu. Ko wata ba a yi da hukuncin nan ba."

Efrain ya ce, "Mama."

"Magana kawai na yi. Kofin ya yi daɗi, Donya Chayo," ta ce wa Ama.

Maganar ta shige ni har ƙashi, don ba ƙarya ta yi ba.

Kwana shida cikin wa'adin, ranar Asabar da safe, Tiya Lucha ta kai ni zauren coci inda wata lauya ke duba mutane kyauta. Na rungumo kwalin Ama. Kowane gida irin namu yana da wannan kwalin: katin allurar rigakafi, sakamakon kowane aji, takardar haya, takardar likitan haƙori, duk abin da zai nuna cewa muna nan ranar da za a tambaya. Lauya Salinas mace ce mai furfura a gaban goshi da takalmin gudu a ƙarƙashin siket. Ta ce wa Tiya ta jira a waje. Tiya ta ce ita ce kamar uwata. Lauya ta ce ko uwar ce ma waje za ta jira.

Ta fara da gaya min gaskiya: aure ba zai sauko min da kuɗin Agusta ba, abin shekaru ne, kuma tunda ta kogi na shigo, sai na nemi afuwa na fita daga ƙasar nan an yi min tambayoyi a ƙasarmu kafin in dawo. Na ce na ji, ko shekara uku ce zan jira, in dai akwai ranar komawa aji. Ta ce madalla, ta jawo wata takarda ta hau tambaya. An taɓa kama ni? A'a. Na taɓa fita na dawo? A'a. Na taɓa yin zaɓe? Na yi dariya na ce a'a.

"Kin taɓa gaya wa wani, da baki ko a rubuce, cewa ke 'yar ƙasar nan ce? A makaranta, ko wurin neman aiki?"

Bakina ya buɗe zai ce a'a, sai ya tsaya.

'Yan uwa, abin da ban taɓa rubuta muku ba ke nan. Bazarar da na gama sakandare, na cika sha takwas da wata huɗu, Apa ya zamo daga kan rufi ya yi wata uku a kwance. Gidan ya yi tsit, tukunyar Ama kaɗai ke motsi. Tiya Lucha ta kira ni shagonta ta miƙo min katin shaidar 'yarta Brenda, wadda aka haifa a nan, sa'ata ce kuma muna kama. A wurinmu wannan ba a ɗauke shi laifi ba, aron takarda kamar aron tukunyar biki ne, ɗan uwa ya ba ɗan uwa. Na yi wata biyu ina shirya kaya a wani ɗakin sanyi na kamfani da sunan Brenda. Ranar farko aka ba ni takardar cikewa mai akwatuna huɗu. Tiya ta riga ta gaya min: na farko za ki yi wa alama. Na farkon shi ne ɗan ƙasa. Apa kuwa duk zatonsa a shagon Tiya na yi aikin.

Na gaya wa lauya duka. Ta ajiye biro ta cire gilashinta.

"Shekararki nawa a lokacin?"

"Sha takwas."

"Kin san ke ba 'yar ƙasa ba ce sa'ad da kika yi alamar?"

"Na sani."

Ta ce, "Noemi, tsallake kogi yana da afuwa. Aiki ba izini ma ana iya wuce shi. Wannan guda ɗayan, a yadda doka take yau, kusan ba shi da afuwa. Ko kin auri ɗan ƙasa, ƙofar a rufe take. Zan ƙara bincike, amma ba zan ba ki fatan da ba ni da shi ba."

Na ce, "In ban faɗa ba fa?"

"Za a tambaye ki bayan kin ɗaga hannu kin yi rantsuwa. Mijinki ma zai sa hannu cewa abin da ke cikin takardunsa gaskiya ne. Ni ba zan shigar da abin da na san ƙarya ne ba. Akwai masu shigarwa, in kin nema za ki samu."

Na fito rungume da kwalin. Shekara goma sha shida Ama tana tara takardu don wannan ranar, ko buɗe shi ba a yi ba.

A mota Tiya Lucha ta saurare ni har ƙarshe, ta kashe rediyo, ta ce, "Sunan wa ke kan takardar can?"

"Brenda."

"To ina ruwanki? Brenda ce ta yi aiki. Ki bar kaza cikin gashinta."

"Hannuna ne ya rubuta, Tiya. Hotona yana jikin katin shiga."

"Wa zai je tono hoton shekara uku a ɗakin ƙanƙara? Ke wai wace irin yarinya ce? Ni na taimake ku lokacin da ubanki ko juyi ba ya iyawa, yanzu ni za ki tona? Brenda fa, kin yi tunaninta?" Muryarta ta karye, awarwaron ya daina ƙara. "Ban sani ba, Noemi. Na rantse da Budurwa ban san haka abin yake ba. Kowa yana yi."

Na yarda ba ta sani ba. Ni ma ai ban sani ba. Ta kama hannuna ta ce kada in gaya wa kowa, ko Ama, balle Efrain, ta san wani mutum a wani ofis da ke cike takarda ba ya yawan tambaya.

Kwana tara na yi ina yawo da abin nan a cikina. In na yi shiru, za a yi biki, wataƙila a wuce lafiya, in koma aji wata rana. Wataƙila kuma ramin ƙarya ya ƙure a gaban jami'i, in ja Efrain cikin abin da bai san farkonsa ba. In na faɗa, to abin da zan miƙa masa shi ne matar da za a iya tsayarwa a kan hanyar kasuwa kowace rana a saka ta mota a fitar da ita daga ƙasar, har tsufanta. Ba na jin tsoron rasa digirin kamar yadda na ji tsoron ganin fuskarsa in ya gane haka. A nan ne na samu amsar tambayar da ta dame ni, na san wace ce ta rubuta masa "Turo". Sai dai amsar ta zo a lokacin da ba ta da amfani.

Na gwada gaya masa. Ranar Laraba na same shi a hutun rana wurin motar mai sayar da tako, naɗin wainar masara da nama, yana cikin rigar aikinsa mai sunansa a ƙirji. Kafin in zauna ya turo min wayarsa.

"Duba. Ɗaki ɗaya da falo, minti goma zuwa jami'arku. Na'urar sanyinsu ta mutu, na ce wa mai gidan in na gyara zai rage mana."

"Efra, akwai maganar da..."

"Ga wurin teburin karatunki nan, jikin taga. Me za ki ce?"

Ya ɗago yana murmushi da miya a gefen baki. Na ce, "Babu komai. Tagar ta yi kyau." Matsoraciya, na sani, ba sai kun rubuta min ba.

Ranar cikar wa'adi Litinin ce, aka matsar da zaman zuwa bayan an taso aiki. Ama ta yi mole, miyarmu ta biki, tun safe, gidan duk ƙamshi. Na sa farar riga mai ɗinkin furanni a wuya da siket baƙi, ban yarda Tiya ta taɓa min gashi ba, na ɗaure shi kawai. Suka zauna inda suka zauna wancan karon, jakar Donya Elvira a cinyarta.

Apa ya gyara murya ya ce, "Don Rufino, na yi shawara da uwarta, ba mu ga aibu a ɗanka ba. Amma a gidanmu ba a ba da 'ya sai an tambaye ta a gaban mutane." Ya juyo gare ni. "Noemi, da son ranki ne? Babu abin da ya tilasta ki, babu abin da kike ɓoyewa?"

Tambayar al'ada ce, kowace yarinya sunkuyar da kai take ta ce e, Apa. Tiya Lucha ta zuba min ido tana girgiza kai a hankali. Na miƙe tsaye.

"Da son raina ne, Apa. Amma akwai abin da nake ɓoyewa."

Na faɗa. Ban kira sunan Tiya ba, ban kira na Brenda ba, na ce katin wata na ara. Na faɗi ɗakin sanyin, da akwatin farko, da abin da lauya ta ce, kalma da kalma. Sannan na dubi Efrain, don shi nake yi wa maganar tun farko.

"Aurena ba zai ba ni takarda ba, Efra. Ba bana ba, wataƙila har abada. Makaranta ta tafi. In ka aure ni, haka za ka zauna da ni, kullum da waya a hannu in na yi minti goma ban dawo ba. Na so in gaya maka ranar Laraba na kasa."

Ama ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Allah, miha." Tiya ta tashi ta shige kicin, muka ji ta buɗe famfo. Donya Elvira ta cire gilashinta ta goge, ta mayar, ta daɗe tana kallona.

"To," ta ce a hankali. "Na zarge ki da abin da ba shi ne ba, 'yata. Ki yafe min." Ta juya ga ɗanta. "Amma wannan ya fi wancan nauyi, kai ma ka sani."

Apa kuwa idonsa na kan hannayensa.

"Bazarar da na faɗo ne?" ya tambaya.

"E, Apa."

"Maganin bayana da aka riƙa saya."

Ban taɓa ganin Apa ya tsufa a gabana ba sai ranar. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara bel ɗinsa, ya fuskanci baƙinsa.

"Don Rufino, kun zo neman abu ɗaya, kun tarar da wani. Ba zan ɗaure ɗanka da maganar da ya yi bai san wannan ba. Ni na riƙe ku kwana goma sha biyar. Yanzu ni ke ba shi kwana goma sha biyar, ya je ya yi tunani. In ya dawo, 'yata tasa ce. In bai dawo ba, babu wanda zai ji baƙar magana daga gidan nan, mu gaisa a coci kamar da."

Ku da kuke karanta labaran soyayya kun san abin da ya kamata ya faru a nan. Ni ma na sani, har na ji shi a kunnena: zai miƙe ya ce Don Ilario, ba na bukatar ko minti ɗaya. Na zuba masa ido ina jira.

Efrain ya miƙe. Fuskarsa ta yi fari, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙasa, sannan ya dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonsa ba.

"Kwana tara kina sane," ya ce. "Na nuna miki taga."

"Na sani."

Ya juya ga Apa ya ce, "Na gode, Don Ilario. Na karɓi wa'adin."

Ba a ci molen ba. Don Rufino ya yi ta ba da haƙuri a bakin ƙofa kamar shi ya yi laifi. Na tsaya a taga har motar ta sha kwana da tsaninta.

Kada wata ta zage shi a ƙasan rubutun nan, ba zan ji daɗi ba. Na ba shi kaya mai nauyi a gaban iyayensa ba shiri, kuma mutumin da ya tsaya ya auna kafin ya ɗauka ya fi min wanda zai yi rantsuwa don kunyar mutane ya gudu bayan shekara biyu. Haka nake gaya wa kaina, kuma na yarda da shi. Amma ya yi min ciwo, ciwo sosai, har yanzu ina jin muryarsa yana cewa na karɓa.

Ama ta koma kiran Efrain ba suna, ba tsani, "shi" kawai take cewa. Apa yana fita tun da sassafe, in ya dawo ya zauna a baranda bai kunna rediyo ba. Zauren ɗalibai yana ta maganar ɗaukaka ƙara, na daina buɗewa.

Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. Yau kwana na uku, da tsakar rana ina naɗe wa Ama tamale, wayata ta yi ƙara sau ɗaya a kan firji. Hannuna duk kwaɓi na ɗauka. Babu gaisuwa, babu Noe.

"Turo min lambar lauyar nan. Ni kaɗai zan je."

Ban sani ba ko hanya zai je nema mana, ko so yake ya ji daga bakinta cewa babu, don ya tafi da zuciya sakayau. Na rubuta masa tambayar, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ama ta tsaya da cokali a hannu tana kallona.

Na tura masa lambar.